Fita da Iyali Sa'ad da Ciki Ya Tsufa

Da zarar an shiga watan Nuwamba, tambaya ɗaya ce take yawo a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada: "Bana za ku je gida Kirsimeti?" Wata shekara wani maigida da matarsa suka kawo mana wannan magana har gidan fasto, fuskokinsu ba walwala. Matar tana ƙarshen wata na bakwai, suna kuma da yara biyu, babban shekararsa biyar, ƙaramar ba ta cika uku ba. Mahaifiyar mijin ta aiko daga ƙauye cewa lallai a kawo mata jikokinta, shekara biyu ke nan ba ta sa su a ido ba. Tafiyar awa bakwai ce a motar haya, awa ta ƙarshe kuma babu kwalta. Mijin ya ce, "Baba Fasto, ni ban tilasta mata ba. Na tambaye ta, ta ce duk yadda na gani." Sai da Mama Fasto ta ja ta zuwa kicin kafin gaskiya ta fito. Kwana uku ke nan takalminta ba ya shiga, zoben aurenta ya matse yatsa, kanta kuma yana sarawa. Ta yi shiru ne don kada a ce ita ta hana yara ganin kakarsu.

Irin wannan shiru yana da yawa a gidajenmu. Mun taso cikin al'adar da mace ba ta maganar cikinta a gaban mutane, ana kuma yabon wadda ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta je gona har ranar naƙuda. Saboda haka maigida yakan shirya fita bisa ga ƙarfin nasa jikin, ko tafiya gida ce, ko biki, ko kai yara gidan zu, matar kuwa ta biyo baya da ciki a gaba, yaro a hannu. A wannan koyarwa muna so mu duba yadda iyali za su fita tare a watanni uku na ƙarshen ciki ba tare da an jefa uwa da abin da ke cikinta a hatsari ba, ba kuma tare da an kulle yara a ɗaki ba. Ƙa'idar da za mu bi guda ɗaya ce: mai ciki da ƙaramin yaro su ne ma'aunin nisan tafiya, da saurinta, da daɗewarta.

Yakubu ya ƙi bin saurin Isuwa

A Farawa sura 33, bayan Yakubu da Isuwa sun sulhunta, Isuwa ya ba da shawara su kama hanya tare. Isuwa yana tafe da mutum 400, ƙarfafa. Yakubu kuwa yana da mata, da ƙananan yara, da dabbobi masu shayarwa. Ko da yake yana neman faranta wa wansa rai bayan shekara 20 da rabuwa, ya roƙe shi ya yi gaba, ya kuma faɗi dalilinsa a fili: yaran ba su yi ƙwari ba, garken ma in an kora shi fiye da ƙarfinsa yini ɗaya zai hallaka. Ya zaɓi ya bi a hankali, daidai da takun yara. Mu lura, Yakubu ne da kansa ya yi maganar. Bai tura Lai'atu ko Rahila su ba Isuwa haƙuri ba.

Surori biyu bayan haka muka karanta cewa naƙuda mai tsanani ta kama Rahila a hanya tsakanin Betel da Efrata. Ungozoma tana wurin, an haifi Biliyaminu, amma Rahila ta rasu, aka binne ta a bakin hanya. Nassi bai ce tafiyar ce ta kashe ta ba, mu ma ba za mu ce haka ba. Abin da labarin ya tuna mana shi ne, naƙuda ba ta jira a kai masauki.

Wani zai ce, ai Maryamu ta yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Nazarat zuwa Baitalami da tsohon ciki. Gaskiya ne, amma umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ne ya tashe su, ba yawon biki ba, mun kuma san inda aka kwantar da jaririn saboda rashin masauki. Akwai wata tafiyar Maryamu da ta fi dacewa da zancenmu. Sa'ad da Alisabatu take wata na shida, Maryamu, wadda nata cikin bai yi nauyi ba tukuna, ita ce ta tashi ta je wurinta, ta zauna da ita wajen wata uku. Mai sauƙin jiki ce ta je wurin mai nauyi.

Abin da jikin mai tsohon ciki yake ɗauke da shi

Ciki yakan kai mako 40, ana kuma lissafin zango na ƙarshe daga mako na 28. Mazaje da yawa girman ciki kaɗai suke gani, ba su san aikin da ke gudana a ciki ba. Jinin mace yakan ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, zuciyarta tana aiki fiye da ƙima ko tana zaune. Mahaifa tana tokare huhu daga ƙasa, shi ya sa ɗan hawa kaɗan yake sa ta haki. Tana kuma danne mafitsara, don haka take neman bayan gida a kai a kai. Gaɓoɓin ƙugu suna saki domin shirin haihuwa, nauyi ya koma gaba, ba ta ma ganin inda take sa ƙafa. Faɗuwa ta zama abu mai sauƙi, faɗuwa mai ƙarfi kuwa ko bugu a ciki na iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa tun kafin lokaci.

Jinin mai ciki yana saurin daskarewa. Zaman da ya wuce awa huɗu a matse ba motsi na iya sa gudan jini ya taru a jijiyar ƙafa, in ya ɓalle ya kai huhu abin na iya zama ajali. Zafi ma ya fi damunta. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wurare da yawa na Arewa, ƙarancin ruwa a jiki yakan kawo jiri da ɗaurewar ciki. Daga mako na 37 kuma ciki ya isa haihuwa, kowace rana na iya zama ranar. Wadda ta taɓa haihuwa sau biyu ko uku naƙudarta takan fi ta fari sauri, wato ita mai ƙananan yaran nan da muke magana a kanta ce ta fi kusa da haihuwa a mota.

Zaman ɗaki ma ba shi ne mafita ba

Kada wani ya karanta wannan ya hana matarsa leƙa ƙofar gida. In ciki lafiyayye ne, tafiyar ƙasa a hankali ta minti 20 ko 30 tana rage ciwon baya da taurin bayan gida, tana sa barci, tana kuma wanke zuciya. Mace da ta yini a ɗaki ɗaya da yara biyu masu ƙiriniya tana bukatar iska kamar kowa.

Yaran ma suna da tasu bukata. Yaro mai shekara biyu ko uku yana jin cewa wani abu ya sake a gidan. Mama ba ta goya shi, cinyar da yake zama a kai ta cika, kowa kuma yana tsokanarsa cewa an kusa yi masa ƙane. Wasu yaran sukan koma fitsarin kwance, ko kuka ba dalili. Fita tare a waɗannan makonni tana tabbatar musu cewa har yanzu suna da wuri. Yaro ƙarami kuwa bai san nisa ba. Tabarma a gindin mangwaron harabar majami'a, da dafaffen ƙwai, da ƙwallo, da Baba yana wasa da shi awa ɗaya cur ba tare da duba waya ba, sun ishe shi murna kamar an kai shi Yankari.

Tambayoyi uku kafin a sa ranar fita

Ta fari: me aka ce a wurin awo? Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, biyar daga ciki kuwa a zango na ƙarshe suke, wato mako na 30, da 34, da 36, da 38, da 40. Kada fita ta ci ranar awo. In doguwar tafiya ce, a faɗa wa nas ko likita inda za a, da awa nawa, da yanayin hanyar. Yana da kyau maigida ya bi ta ranar, ya ji amsa da kunnensa. Akwai matan da bai kamata su yi nisa da asibitinsu ba a wannan zango: mai hawan jini, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta ga jini a wannan cikin, wadda hoton ciki ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa, wadda aka taɓa yi wa tiyata aka ciro jariri, wadda ta taɓa haifar bakwaini, mai sikila, da mai ƙarancin jini sosai.

Ta biyu: minti nawa ne daga inda za mu zuwa asibitin da ke iya yin tiyata da ƙarin jini? Ƙaramin asibitin ƙauye da ake rufewa da yamma bai amsa wannan tambaya ba. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Shawararmu ita ce, daga mako na 36 iyali su tsaya ga fitar da ba ta wuce rabin awa zuwa awa ɗaya daga irin wannan asibiti ba. Ko kamfanonin jirgin sama, yawancinsu ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36, mai tagwaye kuwa bayan mako na 32. In jirgin da ke kai mutum Legas cikin awa ɗaya da 'yan mintoci yana gudun ɗaukarta, sai mu yi tunani kafin mu cusa ta a bas ɗin awa bakwai.

Ta uku: hannu nawa muke da shi? A lissafin masu kula da yara kada a ƙirga mai ciki. Ba za ta iya bin yaron da ya ruga wajen titi da gudu ba, bai kuma kamata ta yini tana ɗaga yaro mai kilo 12 ba. Kowane yaro da bai kai shekara biyar ba yana bukatar babba guda da aka ce nasa ne. In yaran biyu ne, maigida ya ɗauki ɗaya, a nemi ƙanwa ko wata matashiya daga ikkilisiya ta riƙe ɗayan. 'Yar shekara tara ba babba ba ce, ko da ta iya goyo.

Zaɓen wuri da lokaci

Wurin da ya dace shi ne mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da inuwa, da abin zama, da bayan gida, inda mota za ta iya zuwa kusa. Mazauna Jos suna da gidan zu da ke kusa da gidan tarihi, da gandun namun daji a cikin gari. Kano tana da gidan zu na Audu Bako, Maiduguri tana da Sanda Kyarimi. Irin waɗannan suna cikin gari, kusa da asibiti. Ba dole ba ne Mama ta zaga ko'ina. Ta samu benci a inuwa, Baba ya kai yara su ga biri da jimina, su dawo su ba ta labari. Sai dai ranar 25 da 26 ga Disamba da ranar sabuwar shekara waɗannan wurare sukan cika maƙil, ana turereniya a ƙofa. A je kwana biyu kafin ko bayan haka, dabbobin suna nan.

Wuraren da ruwa ke zubowa daga kan dutse, kamar Assop kusa da Hawan Kibo, ko Matsirga kusa da Kafanchan, suna da kyan gani, amma akwai gangara da duwatsu masu santsi. Ba na mai tsohon ciki ba ne, ba kuma na yaron da bai san tsoron ruwa ba. Yankari ta wuce kilomita 100 daga garin Bauchi, daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki ma wajen kilomita 40 ne a cikin daji. A ajiye ta sai jariri ya yi ƙwari. Manyan bukukuwan gargajiya, kamar Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, suna tara dubban mutane, ga rana, ga ƙura, ga tsayuwa. In za a je, a kalla daga gefe, a kuma bar wurin kafin taro ya watse.

Awa biyu zuwa uku sun isa fita ɗaya. A fita da safe bayan karin kumallo a dawo kafin rana ta take, ko kuma a fita bayan ƙarfe huɗu. Kada a ƙetare lokacin barcin rana na ƙaramin, gama yaron da barci ya kama a waje wurin uwarsa zai nufa, ita zai ce ta ɗauke shi. Tun daga gida a yi alkawari cewa in Mama ta ce ta gaji an tashi ke nan, ko da yanzu aka biya kuɗin shiga. Maigida ne zai sanar da yara, ya ce, "Lokaci ya yi, mu tafi gida," don kada su riƙa ganin Mama ce mai ɓata musu wasa.

A cikin mota

Mata da yawa suna ƙin ɗaura bel don tsoron zai matse jariri. Rashin ɗaurawa ne ya fi hatsari ga su biyun. Igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki, a kan ƙasusuwan ƙugu, ta sama kuma ta bi tsakanin ƙirji ta sauka ta gefen ciki. Kada ko ɗaya ta ratsa tsakiyar cikin. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 wurinsu kujerar baya, kamar yadda jami'an kiyaye haɗurra suka daɗe suna faɗa. Kada a ɗora yaro a cinyar mai ciki, domin birki ɗaya mai ƙarfi zai maka shi a cikinta. In motar haya ce, a biya wa mai ciki kujera cikakkiya kusa da ƙofa, a biya wa yara tasu. In kuɗin wannan bai samu ba, to kuɗin tafiyar ne bai samu ba.

A tsaya kowace awa ɗaya da rabi ko biyu ta sauka ta taka, ta yi fitsari. A faɗa wa direba tun a tasha. Kada ta rage shan ruwa don jin kunyar tsayar da mota, abin da mata da yawa suke yi ke nan. Tana zaune ma ta riƙa juya idon sawu tana miƙe ƙafa. Acaɓa da tsohon ciki, balle a ƙara yaro a tsakiya, abin gudu ne in akwai wata hanya. Tafiyar dare kuma, da yanayin tsaro a hanyoyinmu, ba ma sai an faɗa ba. Duk wani haɗari ko faɗuwa, ko da ba ta ji ciwo ba, a wuce asibiti a duba ta a ranar. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuwa 122.

Jakar fita da kula da yara

Ko fitar awa biyu ce, katin awo ya kasance a jaka, gama shi ne zai faɗa wa baƙon asibiti watannin cikin, da rukunin jininta, da abin da aka gani a baya. A haɗa da magungunanta, da ruwan sha mai tsabta isasshe, da abincin gida a kula, da zane biyu masu tsabta, da audugar mata, da kayan sakewa na yara, da waya mai caji da kati, da kuɗin da zai iya ɗaukar shatar mota. Daga mako na 36, in da mota a gida, jakar haihuwa ta riƙa bin ku duk inda za ku. Takalmi ya zama mara tsini, mai kama ƙasa.

Abincin da ya daɗe a buɗe a rana, da ƙanƙara ko kunun da ba a san ruwan da aka yi shi da shi ba, sukan jawo gudawa, gudawa kuwa tana saurin kayar da yaro da mai ciki. A riƙe fakitin ruwan gishiri da sukari. In babu, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara huɗu gyaɗa ko alewa mai tauri a cikin mota mai tafiya, suna shaƙe yaro. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar. A bakin rafi, ko dam, ko tsohon ramin kuza irin na ƙasar Filato, babba ya kasance inda hannunsa zai kai ga yaro, domin yaro yana nutsewa ba ihu. A cikin taro kuma, a rubuta lambar wayar Baba a takarda a sa a aljihun kowane yaro.

Alamun da suke kawo ƙarshen fita

In ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, asibiti mafi kusa za a nufa, ba gida ba:

- jini ta gaba, kome ƙanƙantarsa
- fashewar faya, ko ruwa yana ɗiga
- ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa
- jijjiga ko suma
- ciwon ciki mai tsanani da ba ya saki, ko ciwon mara da baya mai zuwa yana dawowa a kai a kai
- zazzaɓi
- jariri ya rage motsi ko ya daina
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya

Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku da ke kashe mata masu ciki: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na fari da na biyu a hannunmu suke. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata wajen 82,000 ne suka mutu a Nijeriya a shekarar 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Mu fastoci ne muke tsayawa a bakin kaburburan, mun kuma sha jin dangi suna cewa sun ga alamar tun da rana, suka ce bari a ga gari ya waye. A yi addu'a, amma a yi ta mota tana tafiya. In za a kwantar da ita, ta kwanta ta gefe, ba rigingine ba. In haihuwa ta zo a hanya, a tsane jariri da zane mai tsabta, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su biyun, a sa shi a nono. Kada a ja cibiya, kada a yanke ta da tsohuwar reza. A ci gaba zuwa asibiti.

Tafiya gida da maganar surukai

Mafi wuyar sashen wannan zance ba na likita ba ne. Faɗa wa iyaye cewa bana ba za a zo ba shi ne mai wuya. Nauyin nan a wuyan miji yake. In matar ce ta faɗa, za a ce ta mallake ɗansu. In shi ne ya kira ya ce, "Mama, na ji abin da aka faɗa a asibiti, ni na yanke cewa ba za mu zo da ita bana ba," tsohuwa za ta yi fushin kwana biyu ta huce, gama ita ma ta haihu ta san abin. Girmama iyaye yana nan, hanyarsa ce kawai ta sake. Kuɗin motar mutum huɗu zai kawo Kaka gari ta yi Kirsimeti da jikokinta, ta kuma tsaya ta yi wa jariri wanka. Ko kuwa maigida ya je kwana biyu da babban yaron, in ciki bai kai mako na 36 ba, in kuma ya bar babba a gida da hanyar samun mota da dare.

In an yarda matar za ta haihu a gidan iyayenta, kamar yadda al'ada take a wurare da yawa, ta tafi da wuri, kafin mako na 34 zuwa 36, ta kai katinta asibitin da ke can tun makon farko. Ta tafi da gidan sauro mai magani, ta kuma ci gaba da karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a wurin awo. Miji ya roƙi 'yan'uwansa mata tun kafin a iso cewa ba ita za ta tsaya a kan tukunyar biki ba, ba ita za ta je rafi ba.

Rabon ikkilisiya

Mu shugabanni ma muna da abin gyarawa. Taron zumuntar mata na shekara, da taron farkawa, da bikin godiyar kaka sukan ɗauki awa biyar ko shida a ƙarƙashin rumfa, wani lokaci a kwana a ajin makaranta a kan siminti, a je a dawo a bayan buɗaɗɗiyar mota. Mace mai wata takwas takan zo don kada a ce ta ja da baya, ko don gudun tarar rashin zuwa. Bari shugabannin zumunta su faɗa da bakinsu cewa an ɗauke wa masu tsohon ciki wannan. A sujada, masu taimako su ajiye musu kujeru masu jingina kusa da ƙofa, a kuma sanar daga bagade cewa suna iya zama sa'ad da jama'a suke tsaye. Azumin ikkilisiya bai hau kansu ba. Matasa su karɓi yaransu lokacin wa'azi. Kowace ikkilisiya kuma ta san masu mota biyu ko uku da suka yarda a tashe su da tsakar dare, da waɗanda suke shirye su ba da jini.

Kada kuma mu bari a kira hattara rashin bangaskiya. Ubangijinmu da kansa ya ƙi dirowa daga ƙololuwar Haikali ko da aka kawo masa nassi a kan tsaron mala'iku, ya kira wannan gwada Allah.

Iyalin da muka fara da labarinsu ba su koma gida daga wurinmu ba, asibiti muka tura su a ranar. Aka tarar jininta ya hau, aka sa ta a magani, aka ce ta riƙa zuwa awo kowane mako. Mijin ya kira mahaifiyarsa a gabanmu, ya aika kuɗin mota, ƙanensa ya rako ta gari. Ranar 28 ga Disamba, da yardar nas, suka shimfiɗa tabarma a filin wata makaranta kusa da gidansu daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi. Kaka ta riƙe ƙaramar, Baba ya buga ƙwallo da babban, Mama tana zaune a kujerar roba ta ɗora ƙafa a kan kula. A tsakiyar Janairu likitoci suka ga ya kamata a tayar mata da naƙuda, ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace, aka sa mata sunan kakar.

Duk maigidan da matarsa take da tsohon ciki a wannan lokaci, muna roƙonsa ya zauna da ita yau bayan yara sun yi barci, ya tambaye ta yadda jikinta yake, ya kuma yi haƙuri har ta wuce "lafiya lau" ta faɗi sauran. Ubangiji ya sauki matanmu lafiya, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.